Daga Kamfanin Shiyya zuwa Babban Kamfani: Nazarin Tsanin Aikin Matuƙan Jiragen Sama a Amurka

1.0 Gabatarwa

Fasinjan da ya yanki tikitin Delta ko United ko American daga wani ƙaramin gari a Amurka yakan hau jirgi mai fentin kamfanin da tambarinsa, amma sau da yawa matuƙan nan biyu da ke gaba ba su taɓa karɓar albashin wannan kamfani ba. Ma'aikatan SkyWest ne, ko Republic, ko Endeavor, ko Envoy, wato kamfanonin shiyya masu ƙananan jirage, waɗanda aikinsu shi ne kwaso fasinjoji daga ƙananan garuruwa su kai su manyan filayen jirgi irin na Atlanta da Dallas da Chicago. Mafi yawan waɗannan matuƙa ba su zo don su zauna ba. Idonsu na kan manyan kamfanonin, inda albashi da kuɗin ritaya da girman jirgi suka ninka na inda suke.

Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace yadda wannan ƙaura take gudana, da abin da ke hanzarta ta ko ya tsayar da ita. Hujjar da za a kafa ita ce: ƙaurar ba ƙarin girma ba ce irin wanda aka sani a aikin gwamnati ko na banki, domin matuƙin da ya koma babban kamfani daga ƙasan jeri yake farawa, kuma ranar da aka ɗauke shi ta fi ƙwarewarsa tasiri a kan duk abin da zai samu har ya yi ritaya. Daga wannan gaskiya guda ɗaya ne halayen matuƙan da dabarun kamfanonin suke tsirowa.

2.0 Bitar ra'ayoyin da suka gabata

Muhawarar da aka daɗe ana yi ta ta'allaƙa ne a kan tambaya ɗaya: shin akwai ƙarancin matuƙa a Amurka ko babu? Ƙungiyar kamfanonin shiyya, RAA, ta tsaya a kan cewa akwai, tana ɗora laifin a kan dokar da ta wajabta wa sabon matuƙi awa 1,500 na tuƙi da kuma tsadar koyon tuƙi. Babbar ƙungiyar ƙwadagon matuƙa, ALPA, wadda aka kafa a 1931, ta ce masu lasisi suna nan birjik, albashi ne ya kore su. A 2014 ta ƙiyasta cewa matsakaicin albashin sabon mataimakin matuƙi a kamfanonin shiyya dala 22,400 ne a shekara.

Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Dokokin Amurka, GAO, ya shiga tsakani da rahotonsa na Fabrairun 2014. Ya ce alamomin ƙarancin a gauraye suke, sai dai 11 daga cikin kamfanonin shiyya 12 da ya tuntuɓa sun koka da wahalar cike guraben sababbin mataimaka, alhali manyan kamfanonin ba su yi irin wannan kuka ba.

Ɓangarorin biyu sun fi ƙidayar masu shigowa ta ƙofar ƙasa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ƙofar sama, wato saurin da ƙwararru ke ficewa daga kamfanin shiyya, da irin giɓin da suke bari. A nan wannan maƙala ta sa ido.

3.0 Hanyar nazari da keɓaɓɓun kalmomi

An bi hanyar nazarin tarihi da ta ƙa'idoji. An duba dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta tarayya, FAA, da sharuɗɗan kwantiragin ƙwadago da aka bayyana wa jama'a, da sanarwar kamfanoni, sannan aka auna su da abin da ya auku tsakanin 2001 da 2024.

A cikin maƙalar, "jerin daɗewa" na nufin jerin sunayen matuƙan kamfani bisa ranar ɗaukarsu aiki. "Yarjejeniyar zarcewa" ita ce wadda ke ba matuƙin shiyya damar wucewa babban kamfani idan layi ya zo kansa. "Sharaɗin iyaka" shi ne sashen kwantiragi da ke ƙayyade girma da yawan jiragen da za a ba kamfanonin shiyya. "Kujerar hagu" ta kyaftin ce, "kujerar dama" ta mataimakinsa.

4.0 Nazari

4.1 Yadda aka samu hawa biyu

Dokar sakin mara ta 1978 ta cire hannun gwamnati daga ƙayyade hanyoyi da farashin tikiti. Manyan kamfanoni suka koma tsarin cibiya da rassa, suka miƙa gajerun hanyoyi ga ƙananan kamfanoni masu arahar ma'aikata. Yau yawancin wannan aiki ana yin sa ne da kwantiragin sayen kujeru: babban kamfani ke sayar da tikiti, ya tsara jadawali, sannan ya biya kamfanin shiyya ladan tashin jirgi, ko ya cika ko bai cika ba. Wasu kamfanonin shiyya mallakin manyan ne ɗungurungum. American ce ke da Envoy da PSA da Piedmont, Delta ke da Endeavor, rukunin Alaska ke da Horizon. SkyWest kuwa, wadda ta fi su duka girma kuma hedikwatarta ke St. George a jihar Utah, mai zaman kanta ce, tana yi wa United da Delta da American da Alaska aiki a lokaci guda.

Abin da ya hana kamfanonin shiyya girma su haɗiye aikin manyan shi ne sharaɗin iyaka, wanda ƙungiyoyin matuƙan manyan kamfanoni suka kafe a kansa. Bisa wannan sharaɗi, jirgin shiyya ba ya wuce kujeru 76 da nauyin fam 86,000 a lokacin tashi, kimanin tan 39 ke nan. Shi ya sa Embraer E175 da CRJ900 suka mamaye fagen, shi ya sa kuma sabon samfurin E175-E2 bai samu shiga kasuwar Amurka ba, don ya zarce nauyin. Ma'anar wannan ga matuƙi a fili take: komai daɗewarsa a kamfanin shiyya, ba zai taɓa tuƙa jirgin da ya wuce kujeru 76 ba, kuma a wannan sana'a albashi girman jirgi yake bi.

4.2 Ƙofar shiga bayan haɗarin Buffalo

A daren 12 ga Fabrairu, 2009, jirgin Colgan Air mai lamba 3407, samfurin Q400, da ke aiki da sunan Continental Connection, ya faɗo kan wani gida a kusa da Buffalo ta jihar New York. Mutum 50 suka rasu, 49 a cikin jirgi, ɗaya a ƙasa. Hukumar binciken haɗurra, NTSB, ta gano cewa kyaftin ɗin ya mayar da martani ba daidai ba lokacin da na'ura ta yi gargaɗin cewa gudun jirgin ya ragu har fukafukai na gab da kasa ɗaukarsa. Binciken ya kuma tone rayuwar matuƙan shiyya: mataimakiyar matuƙin tana karɓar kimanin dala 16,000 a shekara, tana zaune a yankin Seattle, tana ratso ƙasar daga yamma zuwa gabas don ta kama aiki a Newark.

Iyalan mamatan suka matsa wa Majalisa lamba, Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar dokar tsaurara sharuɗɗan matuƙa a watan Agustan 2010, FAA ta fitar da ƙa'idar aiwatarwa a 2013. Kafin nan, lasisin kasuwanci mai awa 250 ya isa mutum ya zauna a kujerar dama. Daga nan sai aka wajabta lasisin matuƙin jirgin sufuri, wato ATP, mai awa 1,500, da rangwame ga rukuni uku: awa 750 ga tsofaffin matuƙan soja, awa 1,000 ga masu digirin fannin jiragen sama daga jami'ar da aka amince da ita, awa 1,250 ga masu shaidar shekara biyu. Masu sukar dokar suna yawan tunatarwa cewa matuƙan Colgan biyun duk sun haura awa 1,500, kyaftin na da 3,379, mataimakiyar na da 2,244. Masu goyon baya kuma suna nuni da yadda haɗurran kisa suka yi ƙaranci ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Turai dai ba ta bi wannan hanya ba, can matashi kan hau kujerar dama ta Airbus A320 da kimanin awa 200.

Ga mai neman shiga, lissafin kamar haka yake. Makarantar tuƙi kan ci abin da ya kai dala 100,000, ta sallame shi da awa 250 ko kusa da haka. Saura 1,250, waɗanda yawanci ake tarawa ta hanyar koyar da ɗalibai a ƙananan jirage masu inji ɗaya. Wanda ke samun awa 75 a wata zai shafe kusan wata 17 kafin ya cika. A 2022 Republic ta roƙi FAA ta amince wa ɗaliban makarantarta da awa 750 kamar na soja, hukumar ta ƙi.

Akwai wata ƙa'ida cikin waɗanda FAA ta fitar a 2013 da ba a cika ambata ba, alhali ita ce ta zama maƙogwaron tsarin: ba a naɗa mutum kyaftin sai ya yi awa 1,000 a aikin jigilar fasinja irin na kamfanoni. Za a koma kanta a 4.5.

4.3 Jerin daɗewa

Ranar da matuƙi ya shiga ajin horo na kamfani ake ba shi lamba, kuma wannan lamba ke yanke kusan komai: garin da zai zauna a matsayin sansani, samfurin jirgin da zai tuƙa, lokacin da zai koma kujerar hagu, ranakun hutunsa, da ko zai samu tsayayyen jadawalin wata ko zai zauna jiran kira da waya a hannu. Idan kasuwa ta faɗi aka zo rage ma'aikata, daga ƙasa ake farawa. Ba a tsallake layi don iya tuƙi. Wanda ya fi kowa ƙwarewa da wanda ya ci jarrabawa da ƙyar, lamba ce ke raba su. Ƙungiyoyin ƙwadago suna kare tsarin da hujjar da ke da nauyi, cewa kyaftin ɗin da ya san ƙin tashi da jirgi mai matsala ba zai taɓa masa ƙarin girma ba, ya fi samun ƙarfin halin cewa a'a.

Sai dai lambar ba ta bin mai ita. Tsarin ya yi kama da layin lodi a tashar mota: direban da ya bar tasharsa ya koma wata, a bayan motar ƙarshe zai tsaya, ko da ya shekara ashirin a kan hanya. Kyaftin mai shekara 15 a SkyWest, ranar da ya shiga United, shi ne autan mataimaka, a shekarar gwaji, a sansanin da na gaba da shi suka ƙi.

Daga nan lissafin gaggawa ya samo asali. A shekarar da babban kamfani ke ɗaukar matuƙa 2,000, jinkirin wata shida na nufin mutum 1,000 sun shiga gaba, kuma yawancinsu za su ci gaba da zama a gaban har ritaya. Tun da shekarun ritaya a ƙayyade suke, 65, shekarar da aka ɓata a kamfanin shiyya ba daga farkon aiki ake cire ta ba. Daga ƙarshe ake cire ta, wato daga shekarun da mutum zai kasance kyaftin ɗin babban jirgi mai ratsa teku a ƙololuwar albashi. Wannan ne dalilin da matuƙan ke yawan faɗa wa juna cewa a karɓi aji na farko da aka samu.

Zama a kamfanin shiyya ma ba shi da tabbas, domin kwantiragi kan ƙare a ba wanda ya fi araha. Matuƙan Comair, kamfanin shiyya na Delta, sun yi yajin aiki na kwana 89 a 2001 suka samu ƙarin albashi, Delta ta riƙa rage wa kamfanin jirage har ta rufe shi a Satumbar 2012. A 2020 Trans States da Compass da ExpressJet duk suka daina aiki. Waɗanda suka tsufa a cikinsu sai da suka sake komawa ƙasan wani jeri. Hatta haɗewar manyan kamfanoni kan jawo rikici a kan lamba: bayan American ta sayi TWA a 2001, an jera da yawa daga matuƙan TWA a ƙasan jeri, abin da ya kai ga Majalisa ta yi dokar McCaskill da Bond a 2007 don tilasta adalci wajen haɗa jeri biyu.

4.4 Hanyoyin hayewa

Hanya ta farko ita ce neman aiki kai tsaye. Matuƙi ya cika takarda, a duba awanninsa da tarihin jarrabawoyinsa, wanda doka ta wajabta wa kamfani ya bincika kafin ɗauka, sannan a kira shi ganawa. Shekaru da dama ma'aunin da ake nema shi ne digirin jami'a da awa 1,000 a matsayin kyaftin ɗin jirgi mai injin tabain. Delta ta janye sharaɗin digiri a Janairun 2022.

Hanya ta biyu ita ce zarcewa. Envoy da PSA da Piedmont suna da yarjejeniyar da ke kai matuƙansu American ba tare da wata sabuwar ganawa ba, bisa jerin daɗewa da adadin da aka ƙayyade a kowane wata. Delta ta ƙaddamar da shirin Propel a 2018, United ta biyo da Aviate a 2019, har ta buɗe makarantar kanta a Goodyear ta jihar Arizona a 2022. Ana tallata waɗannan shirye-shirye a matsayin tabbacin makoma, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya duba ta ɓangaren kamfani zai ga wani amfanin daban: babban kamfani ne ke riƙe da famfo, yana buɗewa daidai yadda ba zai ƙafar da kamfanin shiyyarsa ba. Tarihi ma ya nuna cewa ruwan kan juya baya. Yarjejeniyar 1997 tsakanin American da kamfanin shiyya na American Eagle ta tanadi hawa da sauka, don haka bayan harin 11 ga Satumba, 2001, matuƙan American da aka dakatar suka sauko suka karɓi kujerun kyaftin a Eagle, masu jiran hawa kuma suka shekara da shekaru suna jira.

Hanya ta uku ita ce ratse. Matuƙi ya bar kamfanin shiyya ya shiga mai arahar tikiti kamar Frontier, ko Spirit a da, ko kamfanin dakon kaya, ya samu shaidar tuƙa Airbus ko Boeing, sannan ya nemi inda yake so. Ba abin mamaki ba ne a ga matuƙin da ke da zarcewa zuwa American ya tafi United ko Delta, don kawai sun riga kiransa.

4.5 Shekarun fari da shekarun ambaliya

Tsakanin 2001 da 2012 tsanin ya kusan tsayawa cik. Dubban matuƙa aka dakatar bayan harin Satumba. United ta shiga kariyar fatara a 2002, Delta da Northwest a rana ɗaya a Satumbar 2005, American a 2011. A Disambar 2007 aka ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, abin da ya kusan dakatar da ritayar dole har shekara biyar. Matuƙan shiyya na wancan zamani da yawa sun shekara goma ko fiye a inda suka yi niyyar yin uku.

Annobar korona ta kawo akasin haka. A 2020 manyan kamfanoni suka ba tsofaffin matuƙa damar ritayar wuri, a Delta kaɗai fiye da 1,800 suka karɓa. Da tafiye-tafiye suka dawo da sauri fiye da zato, sai aka shiga ɗauka ba ƙaƙƙautawa. Ƙididdigar kamfanin ba da shawara na FAPA ta nuna manyan kamfanoni sun ɗauki fiye da matuƙa 13,000 a 2022, da fiye da 12,000 a 2023.

A nan ƙa'idar awa 1,000 ta nuna kanta. Manyan kamfanoni suka kwashe kyaftin-kyaftin na shiyya, suka kuma fara ɗaukar mataimaka tun kafin su cika awannin hawa kujerar hagu. Sababbi masu awa 1,500 suna ta shigowa, amma babu wanda zai zauna a hagunsu, kuma mataimaka biyu ba sa tashi da jirgi. A tsakiyar 2022 shugaban American, Robert Isom, ya ce kimanin jiragen shiyya 100 na kamfaninsa suna ajiye. A watan Maris na shekarar SkyWest ta sanar da niyyar janyewa daga ƙananan garuruwa 29 da gwamnati ke tallafa wa zirga-zirgarsu, a Satumba kuma American ta daina zuwa Toledo da Dubuque da Ithaca da Islip. Ƙarancin na kyaftin ne, ba na masu lasisi ba, wanda hakan ke nuna cewa RAA da ALPA kowacce ta riƙe rabin gaskiya.

Martanin kamfanonin shiyya kuɗi ne da igiya. A Yunin 2022 Piedmont da Envoy suka kai ladan sabon mataimaki dala 90 a awa, na sabon kyaftin dala 146. A kan awa 75 a wata, dala 90 ta kama dala 81,000 a shekara, fiye da ninki uku na abin da ALPA ta ƙiyasta shekara takwas kafin nan. Ta ɓangaren igiya, Republic ta fito da kwantiragi a 2023 mai ɗaure sabon matuƙi ya zauna har ya yi aikin kyaftin na wani wa'adi ko ya biya dala 100,000, ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ta kai ƙara kotu. Ƙarin albashin bai toshe ƙofar sama ba, domin manyan ma sun ƙara: kwantiragin Delta na Maris 2023 ya tanadi ƙarin kashi 34 cikin ɗari a shekara huɗu, United da American suka biyo sahu a cikin shekarar.

4.6 Abin da 2024 ta nuna

Abin da albashi ya kasa tsayarwa, ƙarancin jirage ya tsayar. Bayan wani murfin ƙofa ya ɓalle daga Boeing 737 MAX 9 na Alaska a ranar 5 ga Janairu, 2024, FAA ta hana Boeing ƙara yawan jiragen 737 da yake ƙerawa a wata. Matsalar injinan Pratt & Whitney ta ajiye jiragen Airbus da dama. United ta dakatar da azuzuwan sababbi na wasu watanni, Southwest ma ta tsaya, Spirit ta dakatar da matuƙa kafin ta nemi kariyar fatara a Nuwamba. Ɗaukar manyan kamfanoni ta faɗo ƙasa da 5,000 a shekarar. Kamfanonin shiyya suka samu sarari suka fara dawo da jiragen da suka ajiye, masu awa 1,500 kuma suka koma jiran watanni kafin a ba su aji. A watan Mayun wannan shekarar Majalisa ta zartar da dokar sabunta ayyukan FAA ba tare da ɗaga shekarun ritaya zuwa 67 ba, ta kuma bar awa 1,500 yadda take.

Matuƙin da ya cika sharuɗɗa a 2022 da wanda ya cika su a 2024 horo ɗaya suka samu, jarrabawa ɗaya suka ci, amma dubban lambobi ne tsakaninsu, kuma babu wata bajinta da za ta cike wannan tazara. Muddin lambar daɗewa ba ta bin matuƙi daga kamfani zuwa kamfani, ƙarin albashi da shirye-shiryen zarcewa ba za su wuce rage gudun ficewa ba, kamfanin shiyya kuma zai ci gaba da horar da kyaftin-kyaftin ɗin da wani zai mora.